Kundin da aka kushe a 2008, da bashin sauraro da waƙoƙin Zoo Road ke bin mu

A watan Nuwamban 2008 mawaƙin gambarar zamani na Amurka, Kanye West, ya saki kundinsa na huɗu, 808s & Heartbreak, nan take masoyansa suka dare gida biyu. Mutumin da aka sani da zuba zance a kan kiɗa ya jingine gambarar ya koma rera waƙa, muryar kuma sai da ta bi ta cikin manhajar gyaran murya ta Auto-Tune sannan ta fito da amon ƙarfe. Kiɗan ma ba shi da yawa. Ginshiƙinsa Roland TR-808 ne, akwatin kiɗan lantarki da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980. An sayi kundin sosai, kusan kwafi 450,000 a makon farko, amma saye daban, yarda daban. Samarin Kano da ke bin waƙoƙin waje a lokacin, masu yi wa juna turi ta bulutut a bakin shagon caji, mafi yawansu hukunci ɗaya suka yanke: "Ai wannan kwamfuta ce ke yi masa waƙar."

Ba su kaɗai ba ne. A 2009 mawaƙin gambara Jay-Z ya yi waƙa sukutum yana shelar mutuwar Auto-Tune, a 2010 kuma mujallar Time ta sa manhajar cikin ƙirƙire-ƙirƙire 50 mafiya muni. Sai ga shi zance ya juya. A 2015 Kanye ya rera kundin daga farko har ƙarshe a dandalin Hollywood Bowl da ke Los Angeles, a 2020 mujallar Rolling Stone ta sa shi cikin kundaye 500 da ta ce sun fi kowanne. Mawaƙa irin su Drake sun gina sana'arsu a kan hanyar da ya share, ta namiji ya fito ya rera rauninsa a kan kiɗan na'ura. Yau a majalisun Kano za ka ji wanda ya kushe kundin jiya yana rantsuwa cewa shi ne mafi kyawun aikin mawaƙin.

Ban ga laifin mutum ya sake ra'ayi ba. Abin da nake dubawa shi ne dalilinsa. Wani ya sake ne don mujallun Turawa sun sake, wannan kam bai saurari komai ba, jiya da yau duk amshi yake yi. Wani kuwa rayuwa ce ta buɗe masa kunne. Mahaifiyar Kanye ta rasu a Nuwamban 2007, baikonsa ya lalace bayan 'yan watanni, a cikin wannan hali ya yi kundin. Saurayin da ya ji shi yana ɗan shekara ashirin bai san wannan ciwo ba. Yanzu ya binne uwa ko uba, ya zauna a tabarmar makoki a ƙofar gida, ya ji muryarsa da kansa a rana ta uku tana amsa "ya haƙuri" da "da godiya", a bushe, ba hawa ba sauka, domin kukan ya ƙare amma ciwon na nan. Irin wannan murya ce a cikin kundin, kuma na'urar ce ta ba mawaƙin damar fito da ita. Halayen Kanye da maganganunsa na baya-bayan nan ba na kare su ko kaɗan. Maganata a kan aikin 2008 ce.

Ya kamata a san yadda abin ke aiki kafin a kira shi ha'inci. Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi aikin nazarin girgizar sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, shi ya ƙirƙiri Auto-Tune, kamfanin Antares ya fitar da ita a 1997. Manhajar tana auna tsayin muryar mawaƙi ne, ta janyo ta zuwa matakin sauti mafi kusa a cikin ma'aunin da aka zaɓa. Akwai wurin saita saurin gyaran. Idan aka sa a hankali, ba wanda zai gane an taɓa muryar, kuma a haka ake amfani da ita a waƙoƙi da yawa da muke yabo ba tare da mun sani ba. Idan aka kai saurin ƙarshe, sai muryar ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki babu sulɓi a tsakani. To ka ga wanda ya murɗa ta har ƙarshe ba ɓoye wani abu yake yi ba, ya fito da na'urar fili ne kowa ya ji. T-Pain, mawaƙin Amurka da aka fi zagi a kan wannan salo, ya zauna a ofishin gidan rediyon NPR a 2014 ya rera waƙa da tsurar muryarsa, masu cewa bai iya waƙa ba suka yi shiru.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan adalci da muka yi wa Ba'amurke mun hana shi ga 'ya'yanmu. A daidai shekarun da ake wannan gardama, situdiyoyin Zoo Road a Kano cike suke da irin wannan aiki. Ɗaki ne ƙarami, an manna soso a bango don kashe amsa-kuwwa, fiyano Yamaha a kan tebur, tsohuwar kwamfuta a gefe, janareta na ruri a waje. Mawaƙi ya shigo da baitocinsa a takardar makaranta, ya rera amshi sau ɗaya, makaɗi ya kama karin da yatsunsa, ya ɗora kalangun fiyano, ya ƙara sarewa. 'Yar amshi na zaune a benci tana jiran a kira ta. Kafin magariba waƙa ta fito, kafin mako ta shiga kowace Adaidaita Sahu. Muka laƙaba wa duka wannan suna ɗaya, nanaye, muka ce kwaikwayon Indiya ne, muka ce ba a yi waƙa ba tun da Mamman Shata ya rasu a 1999.

Masu wannan magana suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. An yi lalaci da yawa. Kiɗa ɗaya aka riƙa maimaitawa har kunne ya gaji, an sa wa muryoyin mata sirantar da ta sa ba ka bambance wannan da waccan, wasu kuma da gaske na'urar suka fake da ita. Akwai ma wani abu da ya shafi harshenmu. Hausa tana tafiya da karin sauti, shi ya sa kalangu ke iya magana, kuma a kunnena gyaran da aka cika wa sauri yakan datse faɗuwar murya a kan wasu gaɓoɓi. Damuwar malamai da iyaye game da raye-rayen da ke rakiyar waƙoƙin kuma batu ne na tarbiyya, ina girmama shi, yana da zaurensa. Amma duk wannan bai isa a ɗaure aikin shekara ashirin a dami ɗaya a jefar ba. A cikin wannan tari akwai rubutu mai amsa-amo da ma'auni wanda ɗalibin waƙar Hausa zai yi kwanaki yana feɗewa, akwai waƙoƙin bege da na faɗakarwa da aka yi da fiyanon nan dai, akwai makaɗan da suka tilasta wa na'urar Japan ta yi kiɗan da masu ƙera ta ba su taɓa ji ba. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya cika duniya. Ban ga dalilin da zai sa mu yaba masa a kan yin abu babba da ƙaramin kayan aiki, mu raina yaron da ya yi nasa da fiyano ɗan gwanjo ba.

Kundin Kanye ya samu sauraro na biyu ne saboda yana nan a ajiye, da sunan kowane wanda ya sa hannu a ciki, da shekararsa. Namu fa? Da yawa suna cikin kaset ɗin da suka yi tsatsa a shagunan Ƙofar Wambai, ko a kwamfutocin masu turi a kasuwar waya ta Farm Centre, an rubuta musu sunan jarumin fim ɗin da ya motsa baki maimakon na wanda ya rera. Makaɗin kuwa ko ambatonsa ba a yi. Duk kwamfutar da ta ƙone, wani yanki na wannan tarihi ya tafi.

Gidajen rediyon Kano suna da yawa yanzu, kuma wannan aiki bai fi ƙarfinsu ba. A ware awa ɗaya a mako, a ɗauko kundi ɗaya na tsakanin 2003 da 2012, a sa shi daga farko zuwa ƙarshe, a zaunar da makaɗin da mawaƙin da 'yar amshin su faɗi yadda aka yi shi, a buɗe waya masu sauraro su yi gardama. Sashen nazarin harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero zai iya tura ɗalibai su kwafo abin da ke hannun masu turi, su rubuta sunayen na gaskiya da shekaru tun masu aikin na raye. Wasu kundayen za mu saurara mu tabbatar ba su da kyau, kamar yadda muka ce tun farko. Wasu kuma, na tabbata, za mu nemi lambar wayar makaɗin.