Sabon asibiti, taga ɗaya tak

Mun yi murna ƙwarai da aka buɗe mana sabon asibitin nan na ganin likita a koma gida. Gini tsaf, ma'aikatan jinya kuma ba su da wulaƙanci. Amma don Allah, wa ya ce taga ɗaya ta isa yankar kati?

Jiya na kai mahaifiyata gwajin sukari. An ce kada ta ci komai na aƙalla awa 8 kafin a ɗebi jini, don haka tun dare ruwa kawai ta sha. Ƙarfe 7 muka isa. Mai wankin ciwo, mai jariri da zazzaɓi, mai karɓar sakamako kawai, duk layi guda. Kujeru sun cika, ta jingina da bango. Wajen ƙarfe 11 na ga hannunta na rawa, gumi na tsattsafo mata a goshi. Hankalina ya tashi, domin irin wannan yunwar kan sa sukarin mai ciwon ya faɗi har ya suma.

Na roƙi ma'aikacin, ya ce, "Malam, yi haƙuri, ni kaɗai ne." Ban ga laifinsa ba. Ga taga ta biyu kusa da shi a kulle, ko ledar kujerarta ba a cire ba.