Awa 500, ba ko sisi

A Amurka, idan nas tana son ta kai matakin duba marasa lafiya da rubuta magani da kanta, sai ta yi aƙalla awa 500 tana koyon aiki a asibiti, ba ko sisi. To kuɗin haya fa, wa zai biya? Dole ki riƙe dutin dare na awa 12, ki fito da safe ido ja wur, ki canza riga a mota, ki wuce wurin koyo. Abin da ya fi ƙona min rai, makarantu da yawa ke suke bar wa wahalar neman wanda zai koya miki, alhali kuɗin makaranta sun karɓe tas! Ki yi ta buga waya kamar mai roƙon bashi, a ce miki wai sai baɗi.