Baba Saje Ba Ya Sa Ranar Tafiya

Bakano: Baba Saje, tun bayan La'asar kake riƙe da kofin shayi ɗaya, ga shi an kusa kiran Isha'i, kuma har yanzu ba ka gama yi wa Amurka faɗa ba.

Tsohon Soja: Alhaji, ba zan gama ba sai kun fahimta, domin ku mutanen Kano idan ba a ambaci riba a cikin magana ba kunnenku ba ya buɗewa. Abin da nake cewa shi ne, duk wanda ya kai sojojinsa wata ƙasa don yaƙar 'yan ta'adda, sannan ya kwashe su alhali aikin bai nuna ba, to ya kashe maciji bai sare kansa ba. A watan Disamban 2011 Amurka ta kwashe sojojinta daga Iraƙi, aka yi ta tafi ana cewa yaƙi ya ƙare. A watan Yunin 2014 'yan Da'ish suka kama Mosul, birni na biyu a girma a ƙasar, har shugabansu ya hau mumbari yana kiran kansa halifa. Su waye suka dawo da jirage a wannan shekarar? Mutanen da suka tafi jiya. Kuma da aka tashi ƙwato birnin, daga Oktoban 2016 aka yi ta gwabzawa gida-gida har Yulin 2017, aka karɓe shi yana kufai.

(Kada mai karatu ya ruɗe da jin "Alhaji", domin a Shara Mansur ta birnin Makka kowa Alhaji ne, har yaron da ke wanke kofuna. Shi kuwa Baba Saje da muƙamin kofur ya bar aiki, amma tunda babu wanda ya taɓa ganin takardarsa, shi ya yi wa kansa ƙarin girma a cikin jirgin zuwa Jidda.)

Bafulatani: Ni dai Baba, abin da ban gane ba shi ne, su waɗannan mutane ba su da gida ne? Ko saniya idan ta yi kiwo, da yamma ruga take komawa.

Tsohon Soja: Jauro, babu wanda ya ce kada a koma gida, yadda ake komawar ne abin dubawa. Babban kuskure shi ne ka tsaya a bainar jama'a ka faɗa wa abokin gabarka ranar da za ka tafi. A ranar 29 ga Fabrairun 2020 Amurka ta zauna da Taliban a Doha, babban birnin Ƙatar, ta sa hannu cewa za ta fita daga Afganistan kafin 1 ga Mayun 2021, ba tare da gwamnatin Kabul tana wurin zaman ba, kuma aka amince a saki fursunonin Taliban har 5,000. To ku gaya mini, wane mahaukaci ne zai sasanta da kai bayan ka nuna masa tikitinka na komawa? Zama kawai zai yi yana ƙirga watanni. Shi kuma hakimin ƙauye da ke tare da kai, tun daren ranar zai fara aika wa ɗaya ɓangaren gaisuwa, domin ya san wanda zai rage a garin.

Bakano: Ashe shi ya sa duk lokacin da Hajiya ta bugo waya daga Zariya tana tambayar ranar dawowarka, sai ka ce layin ba ya da kyau.

Tsohon Soja: Wannan sirrin soja ne, kuma ba a tattauna shi da farar hula. Idan na sa rana, masu bina bashi za su riga Hajiya isa filin jirgin sama na Kano.

Bakano: Bazazzagi ke nan! Jama'a, mutumin nan Umra ya zo da bizar wata guda, a shekarar da yake cewa Amurka ta bar Iraƙi. Su suna fita, shi yana shigowa, kuma har yau ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, balle kafilin da zai tsaya masa.

Tsohon Soja: Na zo ne da niyyar yin addu'a a kan matsalar fanshona, kuma har yanzu ba a biya ba. Kana so in janye kafin a amsa? Idan na tafi yau aka amsa gobe, wa ya yi asara?

Malam: Ku bar zolaya mu koma kan magana, domin akwai abin dubawa a cikin zancen Saje, ko da yake mai zancen ya fi kowa buƙatar wa'azi. Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan a ƙarshen 1979, ta fita a watan Fabrairun 1989, kuma mutane suka zaci gwamnatin Najibullah da ta bari a Kabul ba za ta kai wata uku ba. Sai ga shi ta kai shekara uku, saboda ana aiko mata da man fetur da makamai da kuɗi. Da Tarayyar ta rushe aka daina aikowa, a watan Afrilun 1992 gwamnatin ta faɗi.

Tsohon Soja: Allah ya gafarta Malam, ka ɗauke maganar daga bakina, kuma da ma ni na taɓa gaya maka ita, wataƙila ka manta. Abin da ya faru ke nan a 2021. Sojojin Amurka da suka rage 'yan dubbai ne kawai, amma a jikinsu komai yake rataye. An horar da sojan Afganistan a kan cewa idan wuta ta yi zafi zai kira jirgi ya zo, idan ya ji rauni za a ɗauke shi da mai saukar ungulu, su kuma jiragen 'yan kwangilar ƙasashen waje ne ke gyara su. Da aka ce a tafi, 'yan kwangila suka bi ayari, jirage suka zauna a ƙasa, sansanonin da ke lungu suka rasa harsashi da abinci. A farkon watan Yuli aka bar Bagram, babban sansanin Amurka a ƙasar, a ranar 15 ga Agusta Taliban ta shiga Kabul, shugaba Ashraf Ghani ya tsere. Ni da na yi yaƙin Saliyo na san abin da ake nufi da a yanke wa soja hanyar abinci.

Bakano: Wannan kam babu mai musu da kai, tunda kai ne kukun bataliya.

Tsohon Soja: Jami'in kula da cikin mayaƙa ake cewa. Kuma da idona na ga yadda aka yi a watan Mayun 2000, lokacin da dakarun ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, suke tattara kaya a Saliyo: kafin ƙurarmu ta kwanta 'yan tawaye sun kama sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500. Da an bar ni da tukunyata a wurin, da labari ya sha bamban.

Bakano: To bari in yi maka lissafin kasuwa, tunda ka ce shi kaɗai na iya. Shekara 20 Amurka ta yi a Afganistan, ta kashe fiye da dala tiriliyan 2, sojojinta fiye da 2,400 suka mutu, ban da dubban 'yan ƙasar da babu mai ƙirga su. Ni idan na buɗe shago a Kwari na shekara 20 ina zuba jari, kuma rana ɗaya da na ɗaga ƙafa shagon ya rushe, ai ba zan ce na yi saurin tashi ba, sai dai in ce na yi jinkirin ganewa.

Tsohon Soja: Lissafinka na mai awon atamfa ne. Ka ƙirga abin da aka kashe a zama, ba ka ƙirga abin da za a kashe a dawowa ba. Kusan shekara ɗaya da rabi kafin fitar ba a kashe sojan Amurka ko ɗaya a fagen daga ba, amma a ranar 26 ga Agusta, ana tsakiyar turmutsitsin tafiya, ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe 13 daga cikinsu a ƙofar filin jirgin Kabul, tare da 'yan ƙasar kimanin 170.

Bakano: Ai ba a taɓa su a wancan lokacin ba ne saboda sun riga sun yi alkawarin tafiya. Ka ga ashe sa ranar ma tana da amfaninta.

Tsohon Soja: Mai shayi, ƙaro ruwan zafi a kofin nan.

(Duk wanda ya san Baba Saje ya san cewa idan ya nemi ruwan zafi, harsashi ne ya ƙare masa, yana jiran ɗauki.)

Mai Shayi: Baba, ruwan zafi kyauta ne, amma littafina yana nuna riyal ɗin da ake binka ya kusa kuɗin tikiti. Ni a wurina, da ka janye da wuri da ya fi mini alheri.

Tsohon Soja: Yaro, kana magana kamar 'yan majalisar da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba. Idan na tashi daga nan giɓi zai samu, kuma giɓi ba ya zama babu kowa. Ni da ka sani, ina shan kofi ɗaya in rubuta. Wanda zai gaje ni zai sha uku da ƙwai, ya ce bai san da wani littafi ba. Ka tambayi mutanen Somaliya. A watan Janairun 2021 aka kwashe sojojin Amurka kimanin 700 daga can, a watan Mayun 2022 aka ba da umarnin a mayar da wasu, saboda al-Shabab ba ta tafi hutu ba. Haka kuma a Doha Taliban ta yi alkawarin ba za ta bar al-Ƙa'ida ta yi amfani da ƙasar ba, amma a ƙarshen Yulin 2022 ina aka samu shugabanta Aiman al-Zawahiri? A wani gida a tsakiyar Kabul.

Bakano: Kuma da jirgi maras matuƙi aka kashe shi, babu soja ko ɗaya a ƙasa.

Tsohon Soja: Ruwan nan bai yi zafi ba, yaro.

Bafulatani: Baba, ni ban san Doha ba, ban san Kabul ba, amma na san ƙauyenmu. Idan ɓarayin daji suka kai hari, sai a turo sojoji da motoci, a ɗauki hoto, su yi sati biyu a makarantar firamare. Mu kai musu nono, mu nuna musu hanyar daji. Ranar da aka kira su wani wuri, a daren nan ɓarayin za su dawo, kuma gidan wanda ya kai nono suke fara tambaya. Yanzu idan soja ya zo, kowa sai ya ce bai ga komai ba.

Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, domin babu wanda ke zaune a nan da ba shi da ɗan'uwa a irin wannan ƙauye. Baba Saje ne ya fara farfaɗowa, ganin an kawo masa ɗaukin da bai nema ba.

Tsohon Soja: Kun ji ko? Bafulatanin da kuke rainawa ya fi janar-janar ɗinsu hankali, ko da yake a wurina ya koya. Haka aka bar tafintoci da direbobi da masu kai rahoto a Kabul suna ɗaga takardu a bakin katanga. Gobe idan ka je wata ƙasa ka ce a taimake ka, wa zai yarda? Amana ita ce makamin da ba a sayowa. Saboda haka ni, Saje, ina gaya muku a gaban Malam cewa namiji ba ya barin fage a guje. Ko za a tafi, a tafi a tsanake, a miƙa wuri hannu da hannu, kada a bar ko allura a baya. Ni ko tankar yaƙi ce ta shigo layin nan, sai na shanye shayina kafin in miƙe.

A daidai nan wani yaro ya leƙo daga bakin layi ya yi ihu, "Jawazat!", wato jami'an shige da fice masu kama marasa takarda.

Marubucin nan ya sha ganin gudu, amma bai taɓa ganin mutumin da ke ɗingishi tun zamanin Saliyo ya tsallake kwandon gurasa biyu ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Sanda ta faɗi gabas, hula ta faɗi yamma, takalmi ɗaya ya tsaya a inda yake kamar yana jiran umarni. Da ƙura ta lafa sai aka ga motar kwasar shara ce ta baladiyya, wato hukumar gari, fitilarta ce ta ruɗi yaron.

Bakano: Baba Saje, fito, an tsagaita wuta! Ga kayan yaƙinka nan ka bar wa abokan gaba, har da carbi.

Tsohon Soja: (daga bayan buhunan fulawa, a shagon Ba'afganen da ke gasa gurasar tamis) Ban janye ba, sauya sansani na yi, kuma duk wanda ya ce gudu na yi bai karanta dabarun yaƙi ba. Jauro, miƙo mini takalmina ta taga.

Malam: Saje, mai shagon yana tambaya da Larabci, wai yaushe za ka fita, domin ka zauna masa a kan buhun da zai kwaɓa.

Tsohon Soja: Allah ya gafarta Malam, ka gaya masa cewa don tsaron lafiyarsa na shigo, kuma ba na sa rana. Zan fita idan yanayi ya ba da dama.

Malam: Na gaya masa. Ya ce kakan kakansa ya ji wannan magana daga bakin Turawan Ingila, ubansa ya ji ta daga bakin Rashawa, shi ya ji ta daga bakin Amurkawa, kuma ina ba ka shawara ka duba bayanka, domin ya ɗauko ƙarfen da yake zaro gurasa da shi daga tanda.