Shin da gaske na'ura ba ta nuna wariya?

Mutane da yawa na ɗauka cewa idan aka danƙa wa ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tunanin ɗan Adam, aikin tantance jama'a, an rabu da son kai ke nan, tunda na'ura ba ta da dangi, ba ta kuma karɓar cin hanci. Wannan kuskure ne, kuma marasa ƙarfi ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Manhajar tana koyo ne daga bayanan da aka ɗura mata, bayanan kuwa mutane ne suka tara su, har da rashin adalcin da ke ciki. Mutane ne kuma ke zaɓar abin da za ta ɗauka alamar laifi.

A ƙasar Holan, hukumar haraji ta yi amfani da irin wannan tsari wajen zaƙulo masu damfara a tallafin renon yara. Cikin abubuwan da yake dubawa har da ko mutum ɗan ƙasa ne. Aka zargi dubban iyalai da ba su ji ba ba su gani ba, aka tilasta musu mayar da kuɗi, wasu suka nutse cikin bashi. Abin da ya fi ciwo, da wuya wanda aka zarga ya san dalili, balle ya kare kansa. Gwamnatin Mark Rutte, firaministan ƙasar a lokacin, ta yi murabus a Janairun 2021 saboda wannan badaƙala.

Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, ta sanya tsarin tantance masu neman tallafin gwamnati cikin masu babban haɗari, ta kuma wajabta a riƙa gwada ingancin bayanansa, mutum kuma ya sa ido a kansa.