Murjanina ya yi ciwo a Ingila, na tuna kududdufin tarwadar Yaya

Kafin in bar gida, abin da na sani da sunan murjani shi ne jajayen duwatsun wuya da kakata ke ɓoyewa a ƙasan adaka, sai kuma ayar nan ta Suratur Rahman da ta ambace shi tare da lu'ulu'u. Sai da na zauna a birnin Lesta na Ingila na gane dabba ce mai rai: tana cin abinci, tana girma, tana kuma yin ciwo. Yau shekaru ke nan ina da tankin gilashi na ruwan gishiri a falo, lita 200, da murjani iri-iri a ciki.

Ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby, wani ƙauye a Ingila, abin da ba a taɓa aunawa a Birtaniya ba. Mu da muka tashi da zafin watan Afrilu a Arewa mun jure. Amma gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi, ruwan tankina kuwa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 25 da 26, ya haura 30. Bayan kwana huɗu sai na ga wani shimfiɗaɗɗen murjani da ake kira Montipora ya koɗe ya yi fari fat. Wani kuma mai kawuna biyar kamar guduma, ɗan dangin Euphyllia, kansa ɗaya ya tsuke, wani abu ruwan ƙasa mai yauƙi ya lulluɓe shi. Da na ɗago shi sai wari ya buge ni.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne: wane magani zan zuba? Da wannan tambayar na shiga shagon da nake sayen gishiri. Dattijon da ke wurin bai miƙo mini kwalba ko ɗaya ba. Tambayoyi ya jero mini. Nawa zafin ya kai, kwana nawa ya yi a haka? Yaushe rabonka da auna alkaliniti, wato ƙarfin ruwan na hana kansa yin tsami? Ka sa sabon murjani cikin makonnin nan? Farin da kake gani, da tsoka a kansa ko ƙashi ne tsirara?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta buɗe mini ido. Murjani yana zaune ne da wata gansakuka ƙanana ƙwarai a cikin tsokarsa, ita ke samar masa da mafi yawan abincinsa daga haske, ita ce kuma ke ba shi kaso mai yawa na launinsa. In zafi ya matsa masa sai ya kore ta. Tsokar na nan, sai dai ta zama garau har ana hango farin ƙashin ta cikinta. Wannan murjanin bai mutu ba, yunwa ce ke jiransa. Shi ne abin da ya faru da babban tsaunin murjani na gaɓar Ostireliya a 2016 da 2017, kuma ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin da ya saba, in ya ɗauki makonni, ya isa. Babu maganin da ake zuba wa wannan. A sauko da zafi sannu a hankali, a rage ƙarfin fitila, a riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan, a yi haƙuri. In kuwa tsokar ce ke saɓulewa tana barin ƙashi, labari ya sha bamban: yawanci sai an karya ɓangaren da ke da lafiya, nesa da inda ciwon ya kai, a tsira da shi. Sau da yawa tushen abin shi ne alkaliniti da ya yi tsalle cikin dare ɗaya. Ana son ya zauna wajen 8 a ma'aunin dKH, kalsiyam tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, gishiri giram 35 a kowace lita, amma zamansu wuri ɗaya ya fi dacewa da lambar kanta muhimmanci.

Na mai kan gudumar shi ne mai gaggawa, domin wannan yauƙin yana cinye kai guda cikin kwana ɗaya ko biyu, igiyar ruwa kuma tana kai shi ga maƙwabta. Na kashe famfunan ruwa, na zuƙe yauƙin da siririn tiyo zuwa bokiti, na fito da murjanin na datse kan da ya kamu, sauran na tsoma su a ruwan tanki da aka ɗiga wa aidin na 'yan mintuna, sannan na ware su a ƙaramin tanki. Washegari kai na biyu ya kamu, shi ma na datse. Uku suka tsira. Montipora ɗin sai da ya yi kusan wata biyu kafin launinsa ya fara dawowa daga gefe-gefe. Duk wannan aikin da safar hannu na yi shi, da tabarau, saboda wasu murjanai masu laushi suna ɗauke da dafin da ke kai mutum asibiti.

Da a ce na zuba abin da zuciyata ta fara raya mini, da na yi asarar tankin duka. Maganin da aka fi sani na ƙurajen kifin ruwan gishiri akwai jan ƙarfe a cikinsa, jan ƙarfe kuwa guba ne ga murjani ko da ɗan kaɗan ne.

A makon ne na kira Yayana a Kaduna. Yana da kududdufin siminti biyu na tarwada a bayan gida. Ya ce kifinsa sun daina cin abinci, suna rataye a saman ruwa, ya riga ya aika yaro kemis ya sayo kafso ja da rawaya ya farfasa a ciki. Na ce, "Yaya, yaushe ka canza ruwa? Ka auna shi?" Ya ce, "Da me zan auna, ƙanena?"

Wannan amsar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ya faɗa. Ba na cikin masu zuwa Turai su juyo suna cewa mutanenmu ba su san komai ba. A nan, maganin kashe bakteriya ba ya fita sai da takardar likitan dabbobi, kayan awon ruwa kuwa ga su a kowane shagon kifi. A gida abin a juye yake: kafso na kan kowane layi, kayan awo sai an sha nema. Mutum da abin da ke kusa da hannunsa yake aiki. Ga tarwada kuma da taurin rai, tana iya shaƙar iska daga sama, don haka tana ɓoye lalacewar ruwa har sai abin ya yi nisa. Murjani ba ya ɓoyewa. Ka yi kuskure yau, gobe ka gani a jikinsa. Amma dalilin ciwon sau da yawa iri ɗaya ne: abinci ya yi yawa, kashi ya taru, amoniya, dafin da ke fitowa daga kashin kifi, ta hau, zafi ya rage iskar da ke cikin ruwa. Kafso ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Abin da yake yi shi ne ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ya kuma bar saura a naman da za a gasa wa mutane da yamma. Haka muke yi wa kaji in annobarsu ta hunturu ta shigo, alhali bairas ce ke kawo ta, kafso ba ya kashe ta, rigakafinta kuma a Vom kusa da Jos ake yin sa.

Inda na fi ganin gida ya fi nan shi ne ido. Na san masu tanki a ƙasar nan da ke tura ruwansu ɗakin gwaji a Jamus duk wata, su karɓi jerin lambobi, amma ba za su iya gaya maka wane murjani ne bai buɗe sosai da safiyar yau ba. Bafulatanin da ke kiwon shanun mahaifinmu yana hango saniya daga nesa ya ce wannan ba ta tuƙa yadda ta saba. Yaya ma tun kafin kifi ɗaya ya mutu ya lura da yadda suke iyo. Gishirin da yake watsawa a kududdufi ba camfi ba ne, yana rage wa kifin ruwan daɗi illar sinadarin naitirait, wani dafin da amoniya ke rikiɗa ta zama. Idonsa ya riga ya gaya masa akwai matsala. Abin da ya rasa shi ne abin da zai gaya masa wace iri ce.

Da wani ɗan garinmu zai tafi gida a watan Satumba, na ba shi ma'aunin zafi da kwalin awon amoniya, na rubuta wa Yaya da Hausa a takarda abin da kowane launi ke nufi, daga rawaya zuwa kore. Awon farko da ya yi da sassafe kafin ya ba su abinci ya fito kore shar. Ya zubar da rabin ruwan ya sa sabo, ya hana su abinci kwana biyu. Duk da haka ya rasa wasu a wannan zagayen, mafi yawa ƙanana. Yanzu ranar Asabar yake awo, ya ɗauki hoton kwalbar a jikin katin launuka ya turo mini ta WhatsApp, ni kuma in tura masa na mai kan guduma, wanda kawunansa uku suka zama bakwai.