Furen Turawa Ya Ja Min Sunan Boka a Unguwa

Wallahi duk hoto ne ya ja min wannan rigima. A Facebook na ga wata katanga ta lulluɓe da fure ruwan shuni, wai shi clematis, irin da ake kira Jackmanii, wanda wani Bature George Jackman ya fito da shi a Ingila tun wajajen 1860. Nace to mu katangarmu laifin me tai. Abokina na Abuja ya samo min a leda ya sako a motar Katsina, ya iso duk ya langaɓe, ɗan siriri kamar tsinken tsintsiya.

Shi dai abin nan ɗan gata ne, kansa rana yake so amma saiwarsa sai sanyi, ni kuma na kawo shi a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ko ƙarfen get ba ya taɓuwa. Shi yasa na bari sai bayan isha'i na fito ƙofar gida da tocila a baki na hau haƙa. Rami mai zurfi, don ana nutsa shi kamar santimita 8 ƙasa da yadda yake a ledar, ko saman ya mutu sai ya sake tofowa daga ƙasa. Na zuba taki, na jera tsingaron tsohuwar randar Maman Ummi a gindin don rana kar ta dafa saiwar, sannan na ɗaura zare har saman katanga tunda da ƙotar ganye yake kama abu, sanda mai kauri ba ya iya riƙe ta. Zaren da na samu a ɗaki kuma ja ne.

Ina tsugune ina ƙunƙuni, lissafin kuɗin mai ruwa fa nake, sai naji murya a kaina.

"Kai yaro, mi kake biznewa nan cikin dare?"

"Baba, fure ne."

"Hure? Hure da tsingaro da jan zare? To Allah shi kyauta."

Kafin Juma'a yara sun daina ƙwallo a ƙofar gidana, mai ruwa ma daga nesa yake ajiye jarka ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Maman Ummi kuwa ba maganar asiri ce ta dame ta ba, cewa take tunda aka kawo ta gidan nan ban taɓa tashi da asuba na duba ko ta sha ruwa ba.

Ana haka akuyar Baba ta tsinke ta zo ta cinye shi tas, har zaren ta ja. Shi kuma ganyen nan yana da guba, ƙona baki yake, aikuwa akuya ta koma gida tana dalalar da yawu tana wani irin kuka, shikenan magana ta tabbata, har gaban mai unguwa aka kai ni. Na buɗe waya ina nuna hoto ina bayanin saiwa, mai unguwa ya kalli hoton ya kalle ni yace in dai biya kuɗin magani a zauna lafiya. Furena aka cinye, ni na biya.

Da damina ta sauka sai ga shi ya tofo daga ƙasa, mutane na wucewa suna a'uziyya. Fure dai har yau ko ɗaya bai yi ba, amma jiya wata ta aiko yarinya da dubu biyu a ƙulle, wai don Allah a sam mata reshe ɗaya za ta dasa a ƙofar ɗakin kishiyarta.