Su sun gina wa wasansu makaranta, mu muna jiran a hana tashe

Wani abokin aikina a nan Kerala, kudancin Indiya, ya ja ni kallon wasansu na gargajiya, Kathakali. Muna fitowa ya tambaye ni: ku wane wasan gargajiya kuke koyarwa a makaranta? Tambayar ta ƙona min rai.

Bari in kwatanta muku abin da na gani. Tun kafin magariba ɗan wasa yake kwance a tabarma ana yi masa kwalliya, awa uku ko fiye. Jarumi fuskarsa kore shar, an zagaye haɓarsa da farin ƙullun shinkafa, idonsa ja wur saboda wani ƙwayar iri da ake sa masa. A gaban dandali ga wata ƙatuwar fitilar tagulla mai cin man kwakwa. Ɗan wasan ba ya furta kalma ko ɗaya. Mawaƙa biyu na baya suna rera labarin, ganguna na tashi, shi kuwa da yatsu da gira da ƙwayar ido yake magana. Alamun hannu na asali 24 ne. A da har asuba ake kaiwa.

Wasan nan tun ƙarni na 17 yake, kuma ya taɓa kusan mutuwa. A 1930 wani mawaƙi, Vallathol, ya kafa makarantar Kalamandalam, inda yara ke tashi tun kafin alfijir suna motsa ido, shekara da shekaru. Wani wasan nasu da ya girmi Kathakali, wato Kutiyattam, da ake yi da tsohon harshen Sanskrit, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta karrama shi a 2001.

Ba na cewa komai nasu ya dace da mu. Labaran na gumakansu ne, wannan tsakaninsu. Kuma gaskiya ba ni da haƙurin kallon mutum yana juya ido rabin awa. Ɗan kama guda zai sa kasuwa ta tuntsire da dariya ba tare da ya shafa komai a fuska ba.

To amma ina 'yan kaman? Wa ya ga wasan gauta kwanan nan? Mun kira masu yi maroƙa, 'ya'yansu suka gudu daga sana'ar, muka koma kwaikwayon rawar fina-finan Indiyan da su kansu masu Kathakali ba sa ɗauka da nauyi. Tashe ya rage, shi ma a Kano an sha dakatar da shi saboda 'yan daba. Maimakon a kama ɗan daba, sai a kori yaron da ya manna gemun auduga. 'Ya'yana ba su san Nalako, sarkin gwagwaren Kano, ba, kuma in aka ci gaba a haka, ko na kai su gida goma ga azumi babu wanda za su gani.